Ranar da na kusa ƙarasa wa Jamusawa aikinsu

Ni Bakatsine ne, kuma kafin karatu ya kai ni Aberdeen, babban ruwan da na taɓa shiga shi ne ambaliyar unguwarmu ta watan Agusta. Amma da abokin karatuna ya tambaye ni ko na saba da jirgin ruwa, sai baki ya riga hankali, na ce ai mu a kwalekwale aka yaye mu. Shi ke nan, ya ce babansa na da ɗan jirgi irin wanda iska ke turawa, za su zaga tsibiran Orkney, can arewacin Sikotlan, in zo mu tafi.

Daga Stromness muka tashi a watan Yuni, wai lokacin zafinsu ke nan, ni kuwa rigunan sanyi uku ne a jikina. Ana ɗaga ƙyallen nan iska ta cika shi, sai jirgi ya kwanta gefe guda kamar motar da aka yi wa lodi a ɓangare ɗaya. Na kama salati. Tsohon ya ce ai haka ake tafiya. Cikina dai bai yarda ba, duk abin da na karya kumallo da shi na yi wa kifaye sadaka.

Da muka shiga tsakiyar Scapa Flow, wani faffaɗan ruwa da tsibiran suka kewaye, ruwa ya ɗan lafa, tsohon ya buɗe labari. Ya ce a nan Birtaniya ta tsare jiragen yaƙin Jamus 74 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ran 21 ga Yuni 1919, kwamandansu von Reuter ya ga alamar za a rabe jiragen tsakanin waɗanda suka ci yaƙi, sai ya yi a fasa kowa ya rasa: ya ba da umarni a buɗe famfunan gindin jirage ruwan teku ya shigo. Guda 52 suka nutse. Daga baya aka tsamo yawancinsu aka sayar da ƙarfen, manya bakwai na nan kwance har yau.

Na tuntsire da dariya, na ce, "Baba, wane irin mutum ne zai buɗe wa jirginsa ruwa da hannunsa?"

Dariyar ta ɗauke da muka wuce alamar da ke kan Royal Oak, jirgin yaƙin Birtaniya da ke kwance a ƙasan ruwan, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya lallaɓo ya harba ran 14 ga Oktoba 1939, mutum sama da 800 suka mutu. Tsohon ya cire hularsa. Ya nuna mini gabas, inda Churchill, jagoran Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa aka toshe mashigu huɗu na Scapa Flow, fursunonin yaƙi 'yan Italiya na cikin waɗanda suka yi aikin.

To, ga inda na kwafsa. Ban-ɗakin jirgin da ruwan teku yake aiki: ka buɗe wani makunni, ka yi ta buga famfo, in ka gama ka mayar ka rufe. An yi mini wannan bayani da safe, lokacin ina ta kaina. Na shiga, na buɗe, na buga, na cika butata a wurin wanke hannu na yi alwala. Na ta da sallar la'asar, alƙibla na ta yawo duk sanda jirgi ya juya, na dai sallame na miƙe a kan benci, barci ya sace ni.

Abin da ya tashe ni, hannuna ne ya taɓa sanyi. Ina buɗe ido sai ga silifas ɗina ya zo wucewa, burodinmu na biye da shi. Ashe jirgi ya sake kwanciya gefe, teku ya samu ƙofa a buɗe ya shigo ba sallama.

Abokina ya dirgo ya rufe makunnin. Muka yi ta kwasar ruwa, shi da tukunya, ni da butar da ta rage mini. Tsohon na riƙe da sitiyari, bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Sai da muka gama ya leƙo ya ce, "Yaro, ɗazu ka yi mini wata tambaya. Ka samu amsa?"

Tun daga nan sunana ya koma Kwamanda. Aka ɗaure makunnin da igiya, sauran kwana ukun tafiyar kuwa bokiti aka ba ni.