Dusar da muke zuba wa awaki

'Yan'uwana matasan Kabi, Allah Ya albarkace mu da shinkafa tun daga fadamar Argungu har zuwa Yawuri, amma yadda muke cin ta a yanzu abin dubawa ne. Da safe burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, da rana farar shinkafar da inji ya goge tas, da dare indomi da lemun kwalba, sannan mu koma muna kiran mai shan fura baƙauye.

Masana sun ƙiyasta cewa a jikin baligi akwai ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, kuma mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa, wato dusar hatsi, ɓawon wake, da zaren rama da zogale da kuɓewa. Idan suka samu, sai su sarrafa shi su fitar da sinadarai uku: asitet, furofiyonet da butiret. Da butiret bangon hanji yake rayuwa, furofiyonet kuwa yakan bi jini zuwa hanta, sannan sinadaran nan sukan sa hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, yake kuma taimaka wa insulin wajen kwashe sukari daga jini. Wanda ya bar waɗannan halittu da yunwa, sukarin abincinsa yakan kwarara cikin jini da sauri, hanta ta mayar da rarar kitse, tumbi ya fito (wanda har yanzu wasunmu ke ɗauka alamar kuɗi), kuma ta wannan hanya ciwon suga yakan lallaɓo.

A shekarar 2010 masu bincike sun kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso da yaran birnin Fulorens na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake irin namu, su ne suka fi yawan sinadaran da bakteriyar ke fitarwa a hanjinsu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu da hannunmu muke surfe hatsi har ya yi fari fat, mu zuba wa awaki dusar.

Ban ce ku daina cin shinkafa ba. Ku haɗa ta da wake, ku cika miya da ganye, ku sassauta surfe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 25 na dusa da zaren da ke cikin irin wannan abinci a kullum. Ɗumame ma kada ku raina shi, don tuwon da ya huce ya kwana, wani sashe nasa yakan ƙi narkewa har sai ya isa babban hanji. Kafson kashe bakteriya da kuke saye a kemis da zarar mura ta kama ku kuwa ba ya bambance bakteriya mai cuta da mai amfani, duka yake kashewa, alhali murar ma ba ta jin sa.