Da kuɗinmu, da bizarmu, aka tsare mu a ƙofar jirgi kamar ɓarayi

Yau kwana tara da dawowarmu gida, amma duk sanda na tuna yaron nan da ya tare mu a ƙofar jirgin ruwa sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi. Na so in haɗiye abin kamar yadda muka saba haɗiye komai. Ya ƙi haɗiyuwa.

Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya. 'Yarmu da ke aikin jinya a Ingila ita ta yi ta tari, ta ce, "Baba, kai da Umma ku ma ku ga duniya sau ɗaya." Ta biya mana kuɗin jirgin ruwa na yawon buɗe ido, irin mai benaye da yawan nan, zai tashi daga tashar Southampton ta Ingila ya yi mako guda yana zagaya gaɓar Sifaniya da Faransa. Aiki bai bar ta ta biyo mu ba. Zangonmu na farko Getxo, su kuma "Geco" suke cewa, wani gari na bakin teku a yankin Bask da ke arewacin Sifaniya, daidai inda kogin da ya ratsa birnin Bilbao yake faɗawa teku.

Maganar biza ba sai na tsaya ba ku labari ba, duk mai koren fasfo ya san karatun. Biza biyu aka ce mu nemo, ta Ingila da ta Turai. Ta Turai kaɗai yuro 90 kowane mutum, in an hana ka kuɗinka ya tafi ke nan. Ga inshorar lafiya da sai ta kai ta yuro 30,000, ga takardun banki na watanni, ga zuwa Abuja a ɗauki hoton yatsu, ga kuɗin masauki. A 2024 kusan rabin 'yan Najeriya da suka nemi bizar nan hana su aka yi. Mu Allah ya sa aka ba mu. Aka manna mana ita a fasfo da hoto da kwanan wata. Na ɗauka wulaƙanci ya ƙare daga nan.

Da safe jirgi ya tsaya, ana wani yayyafi mai laushi da mutanen wurin ke kira sirimiri. Muka bi layin sauka, ni da kaftani da hula, Hajiya da mayafinta tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Tsarin ba wuya: ka miƙa katinka na jirgi, na'ura ta yi ƙara, a ce maka a dawo lafiya, ka wuce. Na ga an yi wa mutum fiye da hamsin haka a gabana, ba wanda aka ɗaga kai aka kalla sau biyu.

Da aka zo kanmu sai yaron ya ɗaga hannu ya tare hanya. Ba zai wuce sa'an autana ba. Bai yi gaisuwa ba, bai ma kalli fuskata ba. Ya nuna ƙasa da yatsa ya ce ƙofar ma'aikata tana bene na ƙasa.

Na ce masa mu fasinjoji ne. Na miƙa kati. Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar jabun kuɗi. Sai ya ce, "Wa ya ba ka wannan katin?"

Wa ya ba ni? Sunana ne a jiki. Hotona ne ya fito a allon da ke gabansa. Kwana biyu ina kwana a jirgin nan, ina cin abincinsa, ma'aikatansa suna gyara mini ɗaki. Na danne zuciyata na ce kamfaninku ne ya ba ni a Southampton. Ya ce mu kawo fasfo. Da ya ga koren bango sai ya faɗi sunan ƙasarmu da ƙarfi, yana jan harafin ƙarshe, yadda duk na bayanmu za su ji. Suka kuwa ji. Wata tsohuwar Baturiya da muka ci abincin dare a tebur ɗaya jiya ta sunkuyar da kai ta raɓa ta wuce.

"Ku koma gefe."

Gefen nan wani lungu ne inda ake tara tawul masu datti a cikin amalanke. Ba kujera. Na ce masa matata ba ta iya doguwar tsayuwa. Ya ce ba zai daɗe ba, ya juya ya ci gaba da yi wa mutane murmushi yana sallamar su. Sai da layi ya yi sauƙi ya dawo kanmu da tambayoyi. Ƙarfe nawa za ku dawo? Kuna da dangi a Bilbao? Akwai mai jiranku a waje? Me ke cikin jakar nan? Hajiya ta buɗe masa da hannunta yana rawa: darduma biyu, maganin hawan jini, gorar ruwa, laima. Ya sa yatsa ya ɗaga dardumar ya leƙa ƙarƙashinta. Na ce, "Yaro, bizarmu tana cikin fasfon da ke hannunka, ka buɗe ka gani mana." Ya ce ba aikinsa ba ne duba biza. To in ba aikinka ba ne, a kan me ka tsare mu?

Nan ya faɗi maganar da ta hana ni barci har yau. Ya ce, "Irinku in sun sauka ba sa dawowa, kuma mu ake ɗora wa laifi."

Na ce, "Irinmu su wa?"

Bai amsa ba. Ya ɗauki oba-obarsa ya yi magana a ciki, ya juya mini ƙeya.

Irinmu! Dattijo mai furfura da tsohuwa mai dogara sanda, su ne za su tsere su shige gari su ɓuya? Mu bar gidanmu da jikokinmu mu je mu kwana a ƙarƙashin gada? Hajiya ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, ƙyale shi, mu koma ɗaki kawai." Idonta ya cika da hawaye. Shekara 41 muna tare, ban taɓa ganin an tozarta ta a bainar jama'a irin haka ba, ina tsaye ba ni da yadda zan yi. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, yaron shi ma baƙo ne, daga wata ƙasa mai fama da talauci irin tamu ya zo cin rani a jirgin. Ya san zafin a raina mutum saboda takardarsa. Amma da ya samu wanda yake ganin ya fi shi rauni, sai ya taka.

Awa ɗaya da minti arba'in muka yi a lungun nan. Daga ƙarshe wata shugabarsu ta zo, ta buɗe fasfo, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce komai daidai ne, ɗan ruɗani aka samu. Ba haƙuri, ba komai. Motar da muka biya kuɗinta don ta kai mu Bilbao mu ga gidan kayan tarihin Guggenheim ta daɗe da tafiya. Da na nemi a mayar mana da kuɗinmu sai aka ce ai mu muka makara. Ku ji fa! Su suka tsare mu, mu muka makara.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɗora wa mutanen garin abin da ba su yi ba. Jami'in Sifaniya da ya duba fasfonmu a tasha ya duba ne ya miƙo mana, shi ke nan. Muka bi bakin rairayin Ereaga a hankali, muna kallon manyan gidajen da attajiran ƙarfe da jiragen ruwa suka gina tun fiye da shekara ɗari, har muka isa tsohuwar unguwar masunta ta Algorta mai fararen gidaje da matakalu. A wani ɗan shagon abinci, inda aka jera ƙananan lomomin nan nasu da suke kira pintxos, wata dattijuwa ta lura muna ɗari-ɗari. Ba ta jin Turanci sosai, mu ba ma jin nata. Da hannu ta ware mana masu naman alade gefe, ta turo mana na kifi da wainar ƙwai da dankali, ta jawo wa Hajiya kujera da kanta. Ta koya mana "eskerrik asko", wato na gode da harshensu na Euskara, harshen da mulkin kama-karya na Janar Franco ya danne har zuwa mutuwarsa a 1975, yau kuma ga shi a allunan tituna da makarantu. A kan hanya yara suna sanye da rigar ƙwallon Athletic ta Bilbao da sunan Williams a baya. Iñaki da ƙaninsa Nico ke nan, 'ya'yan mutanen Ghana da suka ratsa Sahara suka haura shingen Melilla, garin Sifaniya da ke kan iyaka da Maroko, kafin su iso ƙasar. Garin da ke yi wa 'ya'yan baƙar fata tafi, shi ne aka ce kada a bar ni in taka.

Muka ɗauki tasi zuwa gadar nan tasu ta Bizkaia, wadda ta haɗa Getxo da garin Portugalete da ke tsallaken kogi. A 1893 aka buɗe ta, wani injiniya Alberto Palacio ya tsara ta. Ba hawa kanta motoci suke yi ba, wani babban akwati ne a rataye da igiyoyin ƙarfe yake ɗaukar mutane da motoci ya tsallakar da su kogi cikin minti ɗaya da rabi, jiragen ruwa kuma su wuce ta ƙarƙashi ba tare da an tsayar da su ba. Yaƙin basasar Sifaniya ya lalata ta a 1937, suka gyara abarsu, a 2006 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Har yau da ita mutane suke zuwa aiki. Na tsaya ina kallo, amma wallahi ban ji daɗinta ba. Ido na kan gada, zuciya na lungun tawul. Kuma dole muka yi ta duba agogo, don na san in muka makara ko da minti biyar ne, yaron nan zai ce ga shi, ai ya faɗa.

Da yamma jirgi ya ɗaga, na hau can sama ni kaɗai. Muna fita daga tashar sai ga wasu manya-manyan tankuna a ɗaya gaɓar, wajen Zierbena. Wurin sauke iskar gas ne da ake kawowa a jiragen ruwa. Najeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke sayar wa Sifaniya gas ɗin nan, daga Bonny ake loda shi. Nan fa fushina ya bar kan yaron ya koma inda ya dace. Gas ɗinmu yana shigowa ƙasar nan ba wanda ya ce masa koma gefe, ba wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa zai koma. Mai gas ɗin ne ake ɗaga wa darduma ana leƙawa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya tsaga bangon? Na sani sarai akwai 'ya'yanmu da suke tserewa in sun samu ƙafa a Turai, kuma da laifinsu ake auna mu. Amma me ya kore su? Ƙasar da ke sayar wa duniya gas ta kasa ba mutum fiye da miliyan 200 wutar da ta kai megawat dubu shida. A watan Oktoba na 2024 Arewa ta yi sama da mako guda a cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa suka zauna dirshan. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2020 aka ce shekara biyu zai ɗauka, sai ɗage ranar gamawa aka yi ta yi. Mutanen Bilbao su ma sun ga ta kansu: ambaliya ta cinye garin a 1983, masana'antun ƙarfe da na ƙera jiragen ruwa suka durƙushe, dubbai suka rasa aiki. Suka tashi suka share kogin, suka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995, suka buɗe Guggenheim a 1997, yau duniya ce ke biyan kuɗi ta zo kallo. Mu da masaƙunmu na Kakuri da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka mutu, me aka yi? Aka bar su jemagu da ciyawa suka gaje. Muna da kamfanin jiragen ruwa na ƙasa tun 1959, aka cinye shi aka rufe a 1995. Kamfanin jiragen sama ya bi bayansa a 2003. Naira da ake canza dala da ita a kan ɗari huɗu da wani abu a farkon 2023, zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Fanshon da na yi shekara 35 ina tarawa bai isa kuɗin bizar mutum biyu ba, sai da 'yata ta cika.

Su kuwa waɗanda suka jawo mana wannan raini ba sa bin layin da muke bi. Fasfonsu launinsa daban, ƙofarsu daban, 'ya'yansu da yawa suna riƙe da na wata ƙasa a aljihu. Wane jakada ne ya taɓa buga tebur don an wulaƙanta dattijon ƙasarsa? Wane ɗan majalisa ne ya taɓa tashi ya tambayi dalilin da za a karɓi kuɗin bizar talaka a hana shi, a kuma riƙe kuɗin? Mu ma talakawan da namu laifin. An mayar da mu masu godiya a kan abin da yake haƙƙinmu. Da na ba wani abokina labarin nan, ce mini ya yi, "Ai ka gode wa Allah da suka bar ka ka sauka." Ina gode wa Allah kullum, amma ba zan gode wa wanda ya karɓi kuɗina ya ci mutuncin matata ba.

Daren nan na rubuta takardar ƙorafi shafi biyu da hannuna na kai ofishin kula da fasinjoji. Washegari aka turo mana farantin cakulan ɗaki da ɗan kati, ba sa hannun kowa, ba a ambaci abin da ya faru ba. Na mayar musu da abinsu. Yaron kuma yana nan a ƙofarsa bai gusa ba. Sauran garuruwa biyu da jirgin ya tsaya, Hajiya ta ce ko da wasa ba za ta sake bi ta ƙofar nan ba. A ɗaki ta zauna, tana kallonsu ta taga.