Mai Nuna Kwata Da Yatsa

Ban kama suna ba, ba kuma zan kama ba. Mazaɓu 484 ne a jihar Kano, kowacce da kansilanta. A cikin birni da kewaye ma ƙananan hukumomi takwas ne, tun daga Dala da Gwale har Kumbotso da Ungogo. Don haka kada wani ya turo min yaransa su ce da maigidansu nake.

Akwai wani kansila da tunda damina ta sauka yake zaga lunguna, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Sai ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya bakin kwata yana nuna ta da yatsa kamar yau ya fara ganinta, alhali a gefenta ya yi wasan langa. Kafin isha'i hoto ya hau Facebook, wai shi ne ya tsaya kai da fata sai an sa magudanar unguwa a kasafin kuɗi.

To, ranka ya daɗe, ranar da kuka zauna kan kasafin nan muna bencin baya, mu 'yan ƙungiyar unguwa, riƙe da takardar koken da muka kai maka har gida sau biyu. Aka karanto ɓangaren manyan ayyuka: kwalbati, rijiyar burtsatse, rufin ajin firamare da iska ta yaye, gyaran asibitin sha-ka-tafi. Kai kuwa kana ta latsa waya. Shugaban majalisa ya tambaya ko akwai mai ƙari ko gyara, ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Abokin zamanka na dama, wanda kake yi wa kallon ɗan ƙauye, ya miƙe ya kare makarantar mazaɓarsa har aka rubuta. Amma da aka iso kuɗaɗen yau da kullum, wajen alawus ɗin zama da kuɗin tafiya bita, sai ga mutum tsaye yana gyara babbar riga, hujja na bin hujja. Wallahi sai ranar na san Allah ya hore maka murya.

Na san amsar da ake shiryawa: asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Shi ne bangon da kowa ke jingina da shi, kuma ba ƙarya ba ne, shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ta hannun jihohi yake biyowa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kai tsaye. Yadda ake aiwatar da hukuncin rigimar manya ce, na bar musu. Abin da na sani shi ne, aikin da ba a rubuta a kasafi ba, ko tirela guda ta kuɗi aka sauke a sakatariya, ma'aji ba shi da layin da zai fitar masa da ko sisi. Sa shi a rubuce kuwa ba ya buƙatar izinin Abuja, ɗaga hannu kawai yake so.

Shekaranjiya ruwa ya shiga ɗakunan mutane, mata suka kwana kwalfa da roba. Da safe sai ga sabon hoto, an rubuta wai "muna kan bibiya".

Abin da kowa ya faɗa a zaman yana rubuce a wajen akawun majalisa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna ƙofar gidan mai unguwa da takardar kokenmu. Ka taho da mai hoton naka.