Tsimin Jamusawa da Buɗaɗɗen Hannun Mutanenmu

A lokacin hutun cin abincin rana a wurin aikinmu da ke birnin Essen na ƙasar Jamus, na nuna wa wata abokiyar aikina hotunan lefen ƙanena da aka turo mini ta WhatsApp, domin ina cikin murna kuma babu wanda zan nuna wa a kusa sai ita. Ta duba akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko duk na mace ɗaya ne, na ce mata ƙwarai kuwa. Sai ta ce, cikin natsuwa kuma ba da nufin cin fuska ba, abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda mutanen da ke kukan tsadar rayuwa za su zuba dukiya haka a kan tufafin da mace ɗaya ba za ta ƙarar da su cikin shekaru masu yawa ba. Na yi murmushi na mayar da waya aljihu, amma maganar ta soke ni, tun da yake wani kaso mai tsoka na kuɗin daga gumina ya fito.

Adalci ne in faɗi cewa matar nan tana aikata abin da take faɗa. Albashinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma a kan tsohon keke take zuwa aiki, rani da hunturu, kuma abincinta na rana bai wuce burodi da cuku da tuffa ɗaya da ta ƙunso daga gida ba. Irinta suna da yawa a nan. Mutum zai sha ruwan roba ya adana robar, domin tun shekarar 2003 doka ta ɗora ajiyar santi 25, wato kwatan Yuro ɗaya, a kan irin waɗannan robobi da gwangwanaye, kuma sai ka kai su wani inji da ke bakin kanti, ka zura su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fito maka da 'yar takardar da za a rage maka kuɗi da ita. Za ka ga likita da lebura a layi ɗaya, kowa da jakar robobinsa, babu mai jin kunyar wani. A bakin ƙofofin gidaje ana ajiye kwali cike da littattafai ko kofuna ko takalman yara, an rubuta cewa kyauta ne ga mai so. A ƙarshen mako ana cin kasuwar tsofaffin kaya a filaye, inda mai babbar mota zai tsaya yana taya fitilar gwanjo. Kantin Aldi ma, wanda 'yan uwan nan biyu Karl da Theo Albrecht suka gina daga ɗan shagon mahaifiyarsu a nan Essen bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da araha ya yi suna, ana jera kaya cikin kwalayensu ba tare da wani ado ba, kuma attajirai ba sa ƙyamar shigarsa.

Wannan hali yana da tushe. Kakannin Jamusawa sun ga shekarar 1923, lokacin da kuɗin ƙasar ya lalace har ana sayen burodi da biliyoyi, sannan suka ga yunwa da rusassun birane bayan 1945. A 2008 shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta kafa hujja da matar gida ta yankin Shuwabiya da ke kudancin ƙasar, wadda ta san cewa ba a daɗewa ana cin abin da ya fi ƙarfin samu. Da iskar gas ta yi tsada a 2022 kuwa, gwamnati ta hana ɗumama ofisoshinta fiye da digiri 19, jama'a suka ƙara rigunan sanyi a cikin ɗakunansu. Ban ƙi yarda ba cewa akwai kwanciyar hankali a rayuwar da mutum ba ya gasa da kowa. Ni kaina na ɗanɗana shi, domin a nan babu wanda ya taɓa duban shaddata ko ya tambayi ko wayata sabuwa ce. Na kuma san cewa anko da kamu da walimar otal da cin bashi don fita kunya sun karya gidaje da yawa a wurinmu, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Amma duk da haka ban yarda cewa su ne za su koya mana wadar zuci ba. Wanda ya tashi a gidan da ake ɗumame da safe, ake shanya ƙanzo, ake mayar da tsohon zane tsumman goyo, ake kai tukunyar da ta huje wurin maƙeri, ba ya bukatar inji ya nuna masa darajar abu. Bambancin da nake gani shi ne abin da ake yi da rarar. Bajamushe yana tsimi ne a kan shimfiɗar da gwamnati ta riga ta yi masa: inshorar lafiya da ta samo asali tun 1883 a zamanin Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan lokaci, kuɗin fansho, tallafin rashin aiki, da kuɗin da ake biya kan kowane yaro duk wata, wanda ya kai Yuro 255 a 2025. Abin da ya tara nasa ne shi kaɗai, zai tafi hutu bakin teku da shi ko ya bar shi a banki, kuma babu ƙanin mahaifin da zai buga masa waya saboda kuɗin asibiti. Mu kuwa dangi ne asibitinmu, su ne fanshonmu, kuma abin da baƙo ke kallo a matsayin ɓarna sau da yawa zubi ne a wani adashi da ba a rubuta shi a takarda ba. Atamfofin lefe ba amarya kaɗai ke ɗaura su ba. Kowa ya san inda wasunsu ke ƙarewa, da kuma ranar da ake sayar da sarƙar zinare idan ciwo ko kuɗin makaranta ya taso.

Akwai kuma abin da ba a nunawa a hotunan da muke turawa gida. Robobin nan masu santi 25, mutane sukan ajiye su a gefen kwandon shara maimakon su jefa ciki, domin a sauƙaƙa wa masu tsinta, kuma daga cikin masu tsintar akwai tsofaffi masu furfura da fanshonsu bai ishe su ba. Na sha ganinsu a tashar jirgin ƙasa da daddare, suna haska cikin kwandon da 'yar tocila. Talauci ya fi yawa a wurinmu, babu mai musun wannan, amma dattijon da ke da 'ya'ya masu aiki ya fito yana tonon bola, abin da unguwa ba za ta yafe wa 'ya'yan ba ne. A nan kuwa idan aka fita cin abinci, mai kawo lissafi yakan tambaya ko a haɗe za a biya ko kowa nasa, kuma ba abin mamaki ba ne abokan shekara da shekaru su raba har zuwa santi na ƙarshe. Har yau hannuna yakan riga ni kai wa aljihu, su kuma su dube ni kamar na yi wani abin da bai dace ba.

Gaskiyar lamarin ita ce yawancinmu da ke nan mun fi Jamusawan tsimi. Muna sayen kayan da aka karya wa farashi da yamma, muna sa rigar sanyi ɗaya har ta koɗe, muna dafa tukunya ɗaya ta kai mu kwanaki, duk domin a samu abin turawa a ƙarshen wata. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda ake turawa ɗin sukan ɗauka cewa a ƙasa muke tsintar kuɗin, kuma idan ka ce babu a wannan karon, sai a ce Turai ta koya maka rowa. Ga shi 'yan uwanmu na nan, 'yan Kano da 'yan Damagaram da 'yan zangon Kumasi, duk tsiminsu, idan aka yi rasuwa a cikinmu kafin gari ya waye an fara karo-karo, ko na kai gawa gida ko na binne ta a maƙabartar Musulmi, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin albashi sau da yawa shi ne farkon turo nasa.