Ruwan teku ba ya wanke haraji, sai dai na mai jirgi

Muddin jirgin ruwan shaƙatawa yana ɗaure a tashar Miami, gidan cacar da ke cikinsa a rufe yake. Na'urori a kashe, teburan karta a lulluɓe. Sai an kwance igiya, an yi nisa da gaɓa, an fita daga ruwan da ke ƙarƙashin ikon Amurka, sannan a kunna fitilu a buɗe ƙofa. Daga nan ne wani tunani kan shiga kan fasinja: tunda sai da aka bar ƙasa kafin a fara, ai duk abin da aka ci a nan ba ruwan gwamnati da shi. Teku ba ta kowa ba ce, jirgin ma tutar Bahamas ce a kansa.

Tunanin yana da daɗin ji, amma dokar Amurka ba ta san da shi ba. Amurka tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda ya samu kuɗi a faɗin duniya, haka ma wanda ke riƙe da katin zama na dindindin. Tun a 1924 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da haka, a shari'ar wani Ba'amurke mazaunin Meziko da ya ce ba za a karɓi haraji kan dukiyarsa ta can ba, aka ce masa sai ya biya. Idan wanda ke zaune a wata ƙasa da gidansa da iyalinsa bai tsira ba, ina ga wanda ya fita yawon kwana bakwai a kan ruwa? Hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar kuɗin caca kamar kowane irin samu. Ko a Las Vegas aka ci, ko a tsakiyar tekun Karibiyan, duk ɗaya ne.

Na san wani zai ce me ya haɗa mu da wannan. Hukuncin caca a wurinmu ba ɓoyayye ba ne: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, ta ce a nisance su. Ban zo in sassauta wannan ba, kuma ba ni da ikon yi. Amma akwai 'yan'uwanmu a Bronx da Houston da sauran biranen Amurka waɗanda wannan doka take hawa kansu, su da 'ya'yansu da aka haifa a can. Abin da ya fi jan hankalina kuma shi ne yadda lamarin ke fallasa halin gwamnati idan ta zo zaɓen wanda za ta damƙe tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi. Wannan hali kuwa ba sai an je Miami ake ganinsa ba.

Ga yadda abin yake gudana. Idan na'ura ta zubo wa mutum babban ci, takan tsaya cak, ma'aikaci ya zo da takarda. Manyan kamfanonin da ke tashi daga tashoshin Amurka sukan cika wa Ba'amurke fom ɗin da ake kira W-2G, kwafi ɗaya a hannunsa, ɗaya ya wuce hukumar haraji. Tun 1977 ake cika wannan fom idan cin na'ura ya kai dala 1,200, kuma adadin ya zauna haka kusan shekara hamsin duk da faɗuwar darajar kuɗi, sai daga 2026 aka ɗaga shi zuwa dala 2,000. Wanda ya kasa ba da lambar harajinsa, a nan take za a iya yanke masa kashi 24 cikin ɗari. A teburin karta yawanci ba a cika wannan fom, shi ya sa wasu ke zaton abin da aka ci a tebur halal ne a idon hukuma. Rashin takarda bai ɗauke wajibin ba, doka ta ɗora wa mutum ya bayyana da kansa. Idan kuma ya sauko daga jirgi da tsabar kuɗi sama da dala 10,000, sai ya shaida wa jami'an kwastan, in ba haka ba a ƙwace kuɗin gaba ɗaya.

Har zuwa nan ba ni da ja. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye a asibiti ana yanke mata haraji kafin albashi ya iso hannunta. Direban tasi da ya wuni a cunkoson New York yana biya. Da wace hujja za a ce wanda ya danna maɓalli ya samu dala 20,000 cikin daƙiƙa biyar shi ne za a bari ya wuce? Amurka ma ba ta tambayar tsarkin kuɗi kafin ta ɗauki nata. A 1927 Kotun Ƙoli ta ce ko kuɗin haramtacciyar sana'a sai an biya musu haraji, kuma ta wannan ƙofa ce aka ɗaure Al Capone, gawurtaccen shugaban 'yan daba, a 1931, bayan an kasa kama shi da manyan laifukan da duk Chicago ta san yana aikatawa.

Inda na tsaya shi ne wurin lissafin asara. Kowa ya san ɗan caca ba ci kawai yake yi ba, asararsa ta fi cinsa yawa, da ba haka ba da gidajen caca sun daɗe da rushewa. Dokar Amurka ta yarda a cire asara daga ci, amma da sharuɗɗan da ke sa yawancin mutane ba sa amfana. Sai mutum ya zaɓi jera abubuwan da yake son a rage masa ɗaya bayan ɗaya, ya haƙura da rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa, wanda ya haura dala 15,000 ga mutum shi kaɗai. Kusan tara cikin goma na masu biyan haraji rangwamen bai-ɗayan suke ɗauka, don ya fi musu riba. A ce mutum ya ci dala 3,000 ranar Talata, ya mayar wa na'ura da su ranar Laraba, ya sauka a Miami aljihunsa kamar yadda ya hau. A takardar hukuma ya samu dala 3,000, kuma za a bi shi harajinsu.

Maimakon a gyara, sai aka ƙara gishiri a gyambo. Babbar dokar haraji da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ce daga 2026 kashi 90 cikin ɗari na asara kawai za a riƙa cirewa. Wanda ya ci dala 100,000 a shekara ya kuma yi asarar dala 100,000, ko da ya ajiye duk takardunsa tsaf, za a lissafa masa dala 10,000 a matsayin samu. Kuɗin da bai taɓa shiga aljihunsa ya zauna ba. 'Yar majalisar wakilai daga Nevada, Dina Titus, ta gabatar da ƙudurin mayar da abin yadda yake cikin 'yan kwanaki da sa hannun, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tunda Las Vegas mazaɓarta ce. Mutum zai iya cewa ai maganin ɗan caca ke nan. To, amma in horo ake son yi masa, a fito fili a ce tara ce. Harajin samu sunansa harajin samu, kuma ranar da aka amince a karɓe shi kan abin da ba a samu ba, gobe ɗan kasuwa ne a layi.

Yanzu a waiwayi mai jirgin. Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, manyan kamfanoni ukun da suka mamaye wannan harka, duk a yankin Miami hedikwatocinsu suke, kuma yawancin fasinjojinsu Amurkawa ne. Amma a takarda ba kamfanonin Amurka ba ne. Carnival ya yi shekaru masu yawa da rajistar Panama, Royal Caribbean na Laberiya ne tun 1985, Norwegian kuma na Bermuda. Jiragen kansu tutocin Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗauka. Icon of the Seas, ƙaton jirgin da ya fara jigila daga Miami a Janairun 2024, wanda ke iya ɗaukar fasinja sama da 7,000, a Nassau, babban birnin Bahamas, aka yi masa rajista. Sashe na 883 na kundin harajin Amurka ya yafe wa irin waɗannan kamfanoni harajin ribar da suka samu daga jigilar ƙasa da ƙasa, muddin ƙasar da suka yi rajista a cikinta tana yi wa jiragen Amurka irin wannan rangwame. Panama da Laberiya kuwa me zai hana su yafewa? Jiragen shaƙatawar Amurka nawa ne ke zuwa Monrovia, babban birnin Laberiya, ɗaukar fasinja?

Ka ga ke nan abin da fasinja ya yi mafarkinsa, cewa teku tana wanke haraji, gaskiya ne, sai dai ba don shi aka tanada ba. Dala ɗaya ce ke yawo a kan teburi ɗaya. In ta faɗa hannun fasinja, hukuma na jiranta a gaɓa. In ta faɗa hannun gidan caca, wanda lissafi ya riga ya tabbatar shi zai rinjaya a ƙarshe, sai ta shiga asusun kamfanin da ke cewa shi baƙo ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Kamfanonin suna da nasu bayanin, kuma ba duka ne shirme ba. Suna biyan kuɗin tasha, suna ɗaukar dubban ma'aikata a Florida, akwai kuma harajin dala 3 da gwamnatin tarayya ke karɓa kan kowane fasinja a irin waɗannan tafiye-tafiye. Sun ce yafe wa juna harajin jiragen ruwa tsohuwar al'ada ce a duniya, domin jirgin da ke tsayawa a ƙasashe shida ba zai iya biyan gwamnatoci shida kan riba ɗaya ba. Wannan hujja tana da nauyi ga jirgin dakon shinkafa ko takin zamani. Ga otal mai yawo a kan ruwa, wanda ke ɗaukar mutane a Miami ya dawo da su Miami bayan mako, hujjar ta yi sirara. Dala 3 kuma ko kuɗin lemo ɗaya a cikin jirgin ba ta kai ba. A 2020, lokacin da korona ta tsayar da jiragen cak, majalisar Amurka ta bar manyan kamfanonin a waje da tallafin da ta ware wa kamfanonin ƙasar, saboda rajistarsu ta waje ce. Sau ɗaya ke nan da tutar aro ta juya musu baya. A Fabrairun 2025 sakataren kasuwanci Howard Lutnick ya fito a talabijin yana cewa za a sa su fara biya, hannayen jarinsu suka faɗi washegari. Bayan wata biyar dokar da aka sa wa hannu ta matse ɗan caca, sashe na 883 yana nan daram.

Wasan ɓuya da iyakar ruwa daɗaɗɗe ne. A ƙarshen shekarun 1930 wani mai suna Tony Cornero ya girke jirgin caca mai suna Rex mil uku da ɗoriya daga gaɓar Santa Monica, ƙananan kwale-kwale na kai masa mutane dare da rana, har sai da Earl Warren, babban lauyan jihar Kalifoniya na lokacin, ya kai masa samame a 1939. Bambancin Cornero da kamfanonin yau shi ne su sun samu lauyoyin da suka rubuta musu hanyar a cikin doka.

Akwai wata hanyar, kuma ba sabuwa ba ce. A Birtaniya wanda ya ci caca ba ya biyan ko kwabo a kan cinsa. Gwamnati kan gidan cacar take sauka, ta ɗauki kasonta daga ribarsa, tsarin da aka koma kansa a harkar fare tun 2001. Ya fi sauƙin karɓa, domin bin kamfanoni 'yan ƙalilan masu littattafan lissafi ya fi bin miliyoyin mutane masu tarkacen rasit. Ya kuma fi kusa da adalci, tunda wanda ke cin riba ta tabbas shi ke biya. Ghana ta gwada ɗaya hanyar: a 2023 ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari kan abin da 'yan fare suka ci, matasa suka yi ta ƙorafi har ya zama maganar yaƙin neman zaɓe, gwamnatin John Mahama ta soke shi a 2025. Najeriya kuwa a ƙa'idojinta na yanke haraji tun daga tushe, waɗanda suka fara aiki a farkon 2025, ta sa kashi 5 cikin ɗari kan cin mazaunin ƙasa, kashi 15 kan na baƙo. Mu ma hannun mai ci muka fara kallo.

Ko ta wace hanya aka bi, akwai abin da ke damuna a ƙasan maganar. Gwamnatin da ta saba da kuɗin caca ta zama abokiyar tarayya a cikinta, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da wuya ka ji jihar da kasafinta ya jingina da gidajen caca tana maganar rage su da gaske. Amma tunda Amurka ta riga ta zaɓi ta halatta ta kuma ci daga ciki, mafi ƙarancin abin da ake jira daga gare ta shi ne ta lissafa wa fasinja abin da ya rage a hannunsa ranar da ya sauka, ta soke wannan kashi 90, ta kuma sake duba sashe na 883 dangane da jiragen da ke tashi daga tashoshinta su dawo cikinsu. Kafin hakan ta faru, ɗan'uwan da ke da katin zama a Amurka wanda ƙaddara ta kai shi gaban na'ura a tsakiyar teku ya sani cewa kwafin takardar da ya sa wa hannu ya riga shi isa gaɓa, kuma 15 ga Afrilu ce ranar ƙarshe ta miƙa bayanan haraji.