Fam 25 saboda lattin kwana biyu

Shekaranjiya wani ƙanena da bai daɗe da zuwa karatu Ingila ba ya turo mini hoton takardar katin bashinsa. An ci shi tarar fam 12 don ya yi lattin biya. A ƙasan hoton ya rubuta, "Yaya, Allah ya isa." Na ce masa amin, amma ka san wannan 12 da kake kuka a kanta, a zamaninmu 20 ce ko 25? Kuma ba tausayi ne ya sa bankuna suka rage ba, matsa musu aka yi.

Lokacin da nake ɗalibi a nan, katin bashi ne ke rufa mana asiri kafin kuɗin gida su iso. Ka yi lattin kwana biyu, tara. Tarar ta tura ka ka wuce iyakar bashin da aka yanka maka, wata tarar kuma a kan wannan. Haka zan wayi gari in ga fam 50 ta tafi a wata guda, alhali abin da na gaza biya bai kai rabinta ba. Ban taɓa ɗaga waya na tambaya ba. Kunya nake ji, ina ganin ai ni na yi laifi, kuma da hannuna na sa hannu a takardarsu. Wannan kunyar ita ce jarin banki.

Abin da ban sani ba shi ne dokar Ingila ta daɗe da bambance diyya da horo. Tun shari'ar kamfanin taya na Dunlop a 1915 aka kafa cewa idan mutum ya saɓa yarjejeniya, abin da za a karɓa a hannunsa ya zama kimanin asarar da ya jawo, ba bulalar da za a tsorata shi da ita ba. Ga kuma dokar 1999 da ke aiki a wancan lokaci, wadda ta hana cusa wa mai saye sharaɗin zalunci a kwantiragi. To, asarar me banki ya yi don na yi latti? Kwamfuta ce ta buga wasiƙa, aka manna kan sarki. A nan ne gizo ke saƙar.

A watan Afrilun 2006 hukumar OFT, mai sa ido kan adalci a kasuwanci a wancan lokaci, ta fito ta ce duk tarar katin bashi da ta haura fam 12 za ta ɗauke ta a matsayin zalunci, ta kuma ƙiyasta cewa abin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba ya wuce fam miliyan 300 a shekara. A lura, ba ta ce 12 daidai ba ce, ta dai ce daga nan za ta fara sa baki. Bankuna kuwa suka ruga suka tsaya cak a kan 12 kamar an saukar musu da ita.

Daga nan jama'a suka farga da kuɗin baya. Doka ta ba ka shekara 6 ka nemi a mayar maka a Ingila da Wales, 5 a Scotland. Martin Lewis, ɗan jaridar nan mai wayar da kai kan kuɗi, ya baza samfurin wasiƙu kyauta, mutane miliyoyi suka sauke. Ni ma na bi sahu. Na biya fam 10 na nemi duk bayanan asusuna, doka ta ba su kwana 40. Da takardun suka zo na baje su a kan darduma ina ja wa kowace tara layi, jikina ya yi sanyi da na haɗa jimla. Na rubuta wasiƙar farko, suka amsa da ladabi cewa tararsu halal ce. Na rubuta ta biyu da wa'adin kwana 14. Suka ce za su ba ni ɗan wani abu "don kyautatawa". Na ƙi. Na shigar da ƙara ta intanet a ɓangaren ƙananan da'awowi na kotun gunduma, inda a wancan lokaci iyaka fam 5,000 ce, kuma ba ka buƙatar lauya, ko ka faɗi ba za a ɗora maka kuɗin lauyoyin banki ba.

Lauyoyinsu suka turo martani mai shafuka, har na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ana saura 'yan kwanaki a zauna, sai ga wasiƙa: za su biya duka har da kuɗin shigar da ƙara, amma ba su amsa laifi ba. Ban taɓa ganin fuskar alƙalin ba. Haka aka yi wa ɗimbin mutane, kuma a ganina dalilin a fili yake. Shiga zauren kotu na nufin a tambaye su nawa wasiƙar nan take ci musu, su kawo lissafi. Gara su biya mutum dubu a ɓoye da su amsa wannan tambaya sau ɗaya a bainar jama'a. Bayan 'yan makonni suka rufe mini katin. Ban yi musu kuka ba.

Akwai inda muka yi gardama da 'yan uwa a masallaci. Doka ta ba mai ƙara damar ɗora ruwan kashi 8 cikin 100 a shekara kan kuɗinsa. Wasu suka ce riba ce, wasu suka ce a karɓa a bayar, kada a bar wa banki. Wani dattijo ya dube mu ya ce, ku da kuka ci bashin ruwa tun farko, yau ne tsoron Allah ya zo? Aka yi dariya, amma ta shige ni. Ni dai uwar kuɗina na nema.

Mutane na yawan cewa ai bankuna sun ci nasara a Kotun Ƙoli, magana ta mutu. Ana haɗa abu biyu ne. Shari'ar da OFT ta fara a 2007 da bankuna bakwai da kamfanin ba da lamunin gidaje na Nationwide, wadda aka yanke ranar 25 ga Nuwamba 2009, ta shafi cajin cire kuɗi fiye da abin da ke asusun ajiya. Kotu ta ce wannan cajin ɓangare ne na farashin hidima, don haka OFT ba ta da hurumin auna ko ya yi yawa. Tarar katin bashi daban take, domin ita saɓa yarjejeniya ce ke jawo ta. Abin da ya fi taƙaita hanyar shi ne hukuncin 2015 kan tarar fam 85 ta ajiye mota, inda kotun ta ce tara na iya wuce ainihin asara muddin akwai halaltacciyar manufa kuma ba ta yi muni ba. Wannan hukunci bai yi mini daɗi ba, don ya ba mai ƙarfi fili ya faɗi manufarsa da bakinsa.

Saboda haka ban ce wa ƙanen nawa ya tafi kotu a kan fam 12 ba, kuɗin shigar da ƙarar ma sun fi ta. Na ce ya kira su ya nemi a yafe, sau da yawa suna yafe na farko. In sun ƙi ya rubuta koke, in mako 8 ya wuce bai gamsu ba ya kai wa Financial Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu, kyauta ne. Na kuma ce ya fi damuwa da tabon latti da za a iya sa masa a tarihin bashinsa, wanda ke zama shekara 6, ya biyo shi ranar da zai nemi hayar gida ko layin waya.

Ya ce shi yana jin nauyin kiransu, tunda shi ya yi lattin. Na ce ya buɗe lasifikar wayar, ina kan ɗaya layin ina jin sa.