Subhash Kapoor kaɗai ya yi satar?

Tun da kotun Kumbakonam da ke jihar Tamil Nadu a Indiya ta yanke wa dillalin kayan tarihi Subhash Kapoor ɗaurin shekara goma a 2022 kan satar gumaka, manyan gidajen tarihi na duniya suke ta wanke hannu, wai su ma yaudararsu aka yi. Wannan magana ce ke ba ni haushi.

A ɗauki gunkin Nataraja na tagulla, wato Shiva, abin bautar mabiya addinin Hindu, yana rawa cikin zoben wuta, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a kan wani wada. Maƙeran zamanin daular Chola ta kudancin Indiya ne suka zuba shi, kusan shekara 900 da suka wuce. Da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a ɗura narkakken ƙarfe, sannan a fasa yumɓun. Shi ya sa kowanne ba shi da na biyu. Daga wani wurin ibada a ƙauyen Sripuranthan aka sace shi, gidan tarihin ƙasar Ostareliya ya saya a hannun Kapoor a 2008 kan kimanin dala miliyan biyar. Sai a 2014 firaministan Ostareliya na lokacin, Tony Abbott, ya miƙa wa takwaransa na Indiya, Narendra Modi, shi.

Dala miliyan biyar, amma ba wanda ya tsananta bincike kan takardun? Dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da irin waɗannan kaya, don haka dillalai ke ƙirƙiro rasit mai tsohon kwanan wata. Kowa a harkar ya san haka. Hotunan gumakan da cibiyar binciken Faransa da ke birnin Pondicherry a Indiya ta ɗauka tuntuni a wuraren ibadar suna nan ajiye, su ne suka tona asiri. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu cewa gumakan sun fi samun kulawa a akwatin gilashi, su gaya wa mutanen ƙauyen da ke yi musu wanka da madara, su sa musu tufa, su zaga gari da su ranar biki. Irin waƙar da aka yi ta yi mana kan tagullolin Binin da Turawa suka kwashe ce. Ni ba mai bautar gunki ba ne, amma kayan wani kayan wani ne, na Hindu ne ko na mabiya addinin Jain.

Indiya ma da nata laifin: wuraren ibada da yawa ba su da mai gadi ko rajistar abin da ke ciki. A gyara wannan. Amma a riƙa gurfanar da shugaban gidan tarihin da ya sa hannu a cek tare da dillalin da ya karɓa.